Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: da me za mu auna hanyoyin tattara buƙatun manhaja?

Makonni biyu da suka wuce na je kallon wani ƙanina yana kare kundin kammala karatunsa na kwamfuta, abin da yaranmu ke kira sutanas. Kafin a zo kansa, wani ɗalibi ya tashi da nasa aikin. Ya kwatanta hanyoyi uku na tattara buƙatun manhaja waɗanda ake ɗorawa a kan manufa: KAOS, i* da GRL. Kowacce tana da irin zanen da take nuna abin da ake so manhaja ta yi da shi. Ya haska jadawali a bango, kowace hanya da gidanta, yana bi layi-layi yana saka alamar "akwai" ko "babu". Da ya kai ƙasa ya tara maki, ya ce wadda ta fi maki ita ta fi dacewa da ƙasarmu. Aka tafa masa.

Da aka fito na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Ƙanina, wane mai shago ka nuna wa zanen nan? Wace ungozoma? Wane sakataren ƙungiyar manoman auduga?" Ya ce, "Yaya, babu ko ɗaya. Takardun da masu hanyoyin suka rubuta na karanta, da su na cika jadawalin."

Abin ya tsaya mini a rai har yau. Yaron ya yi ƙoƙari, kuma yadda aka koya masa ya yi. Amma tambayar mai kaya ko kayansa na da kyau ba awo ba ne.

Ga inda na tsaya. Tushen waɗannan hanyoyi gaskiya ne, kuma mu masu rubuta manhaja a Garwa da Marwa da Ngaundere, nan arewacin Kamaru, muna buƙatarsa fiye da yadda muke zato. Sai dai ma'aunin da ake auna su da shi bai amsa tambayarmu ba. Ni ma'auni ɗaya na yarda da shi: a ajiye zanen gaban mutumin da za a yi wa aikin, a ga ko zai iya ɗora yatsa ya ce, "Nan ka yi kuskure." Hanyar da ta ba shi wannan dama ta ci. Wadda ta rufe masa baki ta faɗi, ko maki nawa ta samu a bango.

Abin da ake nufi, a taƙaice

Kafin a rubuta manhaja sai an san abin da za ta yi. A al'adance mai aiki ya lissafo abin da yake so, a rubuta a takardar da muke kira kaye de sharj, a sa hannu, a fara. Masu hanyar manufa suka ce a dakata: kowane abu da aka lissafo a tambayi dalilinsa. "Don me?" tana hawa da kai sama zuwa babbar manufa. "Ta yaya?" tana sauko da kai zuwa ƙananan ayyuka, har ka kai wanda za ka iya ɗora wa wani, ko na'ura ko mutum.

KAOS ta fito daga aikin Axel van Lamsweerde na jami'ar Luven a Beljiyam da abokan aikinsa, takardarsu da ta yi suna ta fito a 1993. Eric Yu ya kawo i* a jami'ar Toronto a 1995, shi kuma hankalinsa na kan mutane: wa ya dogara da wa, a kan me. GRL daga zuriyar i* take, kuma hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta karɓe ta cikin ƙa'idarta mai lamba Z.151 a 2008. Wannan ya isa.

Abin da ya faru a shagon kawuna

Kawuna ɗan sari ne a kasuwar Garwa: shinkafa, sukari, man girki, sabulu. Rabin cinikinsa bashi ne, kuma duk yana cikin wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, ka yi mini abin da zai riƙa lissafa mini kaya da bashi, ido ya fara gajiya."

Na rubuta kaye de sharj shafi uku da Faransanci. Shigar kaya, fitar kaya, sunan mai bashi, iyakar bashi. Na tambaye shi iyakar, ya ce jaka 200. Na sa wa manhajar doka: duk wanda bashinsa ya wuce haka, ba za ta fitar da rasit ba. A ganina na yi abin da aka ce.

Wata na biyu, wani dattijo daga wajajen Pitowa ya zo ɗaukar kaya. Tun mahaifinsa na raye suke ciniki da gidanmu. Kawu ya tafi sallar azahar. Yaron shago ya danna, na'ura ta ƙi, ya sake dannawa, ta ƙi. Sai ya ɗago kai, shago cike da mutane, ya ce, "Baba, ta ce bashinku ya wuce iyaka." Dattijon bai ce uffan ba. Ya gyara hularsa, ya ce wa mai amalanke ya sauke buhunan da aka riga aka ɗora, ya fita.

Bayan isha kawu ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

"Ni na ce maka a hana shi kaya?"

"Kawu, ai ku kuka ce iyaka jaka 200."

"Na ce in ya kai nan in sani. Ban ce a tozarta mini mutane ba."

Sai da ya hau mota da kansa ya je har ƙauyen ya ba da haƙuri. Manhajar kuma aka kashe ta, littafi mai baƙin bango ya dawo.

Manhajar ba ta da matsala ko ɗaya ta fasaha. Abin da aka rubuta ta yi. Matsalar ita ce ban taɓa tambaya ba: don me kawu yake son iyaka? Bayan mako biyu na koma da farar takarda da biro, muka zauna kan tabarma bayan la'asar. Na rubuta a sama, "a ƙara riba", na fara jan layuka ƙasa. Ya sa gilashinsa, ya duba, ya ɗora yatsa kan layin farko ya ce, "Wannan ba shi ne uba ba. Uban shi ne in na kwanta dama in bar wa yara shago da mutanensa." Daga wannan sai abubuwa biyu suka sauko: kada jari ya narke a hannun mutane, kada kuma a zubar da mutuncin abokin ciniki. Biyun nan suna karo da juna, kuma ni na zaɓi ɗaya na yanka ɗayan ban ma sani ba.

A zaman nan ne na ji abin da babu shi a shafukana uku. Masu shagunan ƙauye ba sa biya sai an biya manoma kuɗin auduga, don haka bashin da yake da ban tsoro a wani wata, a wani watan ba komai ba ne. Muka canza tsari. Yanzu na'ura ba ta hana kowa kaya. Saƙo take tura wa kawu a waya ba tare da kowa ya gani ba, shi yake yanke hukunci. A yaren KAOS, an ɗauke alhakin wannan manufa daga kan na'ura an mayar wa mutum.

To hanyar ta yi aiki. Amma a lura da inda ta yi aikin: lokacin da mai shago ya iya karanta abin da na zana, ya ƙaryata ni.

"Ai masana sun riga sun gwada su"

Wannan ce amsar farko da nake samu daga malamai. Shekara sama da 30 ana rubutu a kan hanyoyin nan, a manyan jami'o'i, kai wane ne?

Masanan da kansu ba su gamsu ba. A 2017 Alistair Mavin da abokan aikinsa suka fitar da takarda wadda takenta ma tambaya ce: shin wannan fanni ya cimma tasa manufar? Sun bi rubuce-rubucen, sun kuma tambayi masu aiki a kamfanoni. Abin da ya fito shi ne masu aiki suna tunani da manufa, amma hanyoyin da zane-zanensu ba su shiga masana'antu sosai ba. Kafin nan, a 2010, Daniel Moody da abokansa sun duba alamomin i* suka nuna cewa siffofin ba sa nuna ma'anarsu ga wanda ba a koya masa ba. Kuma gaskiya ne. Manufa ƙwai ce, aiki mai kusurwa shida ne, kaya akwati ne, manufar da ba ta da ma'auni kuma kamar gajimare. Me zai sa mutum ya ga abu mai kusurwa shida ya gane aiki ake nufi?

Ga kuma yadda ake yawan yin gwajin. A tara ɗaliban kwamfuta a aji, a koya musu alamomin, a ba su labarin da aka riga aka rubuta tsaf, a ga wa ya zana daidai. Wannan yana auna ɗalibi. Ba ya auna ko hanyar za ta tono abin da Alhaji bai faɗa ba. A aji labarin yana zuwa cikakke. A kasuwa rabinsa yana cikin cikin mai shi, rabin kuma shi kansa bai san yana da shi ba sai an taɓa.

In a Turai da Kanada, inda aka haifi hanyoyin, har yanzu ana wannan muhawara, ban ga dalilin da za mu karɓi hukuncin jadawali mu rufe littafi ba.

"Mai shago bai yi boko ba, ba zai gane zane ba"

Wannan ita ta fi ɓata mini rai. Matar da take riƙe adashin mutum 30, ta san wa ya zuba, wa ya yi lattin zubi, wa za a ba kwasa kafin lokacinsa don 'yarsa za ta yi aure, ita ce ba za ta gane "wannan yana ƙarƙashin wancan" ba? Dillalin shanu da yake riƙe cinikin mutum goma a ka? Mutanenmu sun san manufa da abin da ke ƙarƙashinta. Abin da ba su sani ba shi ne ƙwai da gajimare, kuma babu dalilin da zai sa su sani.

Akwai kuma maganar harshe, wadda jadawalin yaron nan bai ba ta ko layi ɗaya ba. A nan mai aiki yana tunani da Hausa ko Fillanci, a Kusiri da Njamena wataƙila da Larabcin Shuwa. Kaye de sharj da Faransanci ake rubutawa. Littattafan hanyoyin kuma yawancinsu da Turancin Ingilishi suke. Kafin magana ta tashi daga bakin mai shago ta isa cikin na'ura ta tsallaka kogi uku, kuma a kowace gaɓa wani abu yana faɗawa ruwa. Da na rubuta "iyakar bashi" da Faransanci, kalmar ta zo da ma'anarta ta banki: an kai, an rufe. Kawu kuwa alama yake nufi, irin zaren da ake ɗaura wa buhu.

Kalmomin da suka fi nauyi a cinikinmu su ne amana, kunya, mutunci, alfarma. A nan zan yaba wa John Mylopoulos da Lawrence Chung da abokansu, waɗanda tun 1992 suka dage cewa buƙatun da ba a iya aunawa da lamba su ma a ba su gurbi a zane, a nuna wane zaɓi ke taimaka musu, wane ke cutar da su. Wannan tunani kamar don mu aka yi shi. Amma in ka fassara "alfarma" zuwa wata kalmar Faransanci ka saka cikin gajimare, mai ita ba zai gane ta ba, balle ya gyara maka. A rubuta ta alfarma, yadda ya faɗa.

"Babu lokaci, babu kuɗi"

Nan na yarda da rabi. Aikin da ake ba mu ƙarami ne, kuɗinsa kaɗan, mai shi kuma jiya yake so. KAOS tana da wani sashe na lissafin mantiƙi da ake rubuta manufa da shi don a tabbatar da ita kamar yadda ake tabbatar da lissafi. Wannan na jiragen ƙasa ne da na'urorin da rai ke rataye a kansu. Ɗora shi kan shagon sabulu ɗaukar Dala ba gammo ne, kuma ba na kiran kowa zuwa gare shi.

Amma akwai abu ɗaya cikin KAOS da ba ya cin ko dala biyar: binciken cikas. Kowace manufa ka rubuta, ka juya ta ka tambaya, me zai hana ta faruwa? Misalin da masu hanyar suka yi amfani da shi a takardarsu ta 2000 shi ne na motocin ɗaukar marasa lafiya na Landan. Ranar 26 ga Oktoba 1992 aka kunna sabon tsarin kwamfuta na tura motoci. An gina shi a kan zaton cewa kullum za a san inda kowace mota take, kuma ma'aikata za su danna maɓallin da ya dace a kan lokaci. Rediyo ya riƙa yankewa a wasu wurare, ma'aikata wani lokaci su ɗauki motar da ba ita na'ura ta zaɓa ba, kira ya taru, masu jira suka yi ta sake bugowa, abin ya cushe. Ranar 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya cak aka koma takarda, shugaban hukumar motocin kuma ya riga ya ajiye aiki.

In zaton "komai zai tafi daidai" ya kayar da Landan, mu fa? Mu da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar ciniki, sabis ya ɓace yini guda, zafin Maris da Afrilu ya sa waya ta kashe kanta. A shagon kawu tambayar ta ɗauke mu minti 20. In babu sabis fa? In kawu yana hanyar Ngaundere wayarsa ba caji? Amsar ba ta na'ura ba ce: babban yaron shago yana da sunayen mutum goma da ake ba kaya ko me na'ura ta nuna. Minti 20 ɗin nan sun fi tafiyar ba da haƙuri araha.

Hujjar da ba ni da cikakkiyar amsarta

Wani abokina da ya daɗe yana yi wa ofisoshi aiki ya ce mini, "Kai da kawunka ka zauna. Ka je ofis ka tambayi manufa ka ji. Kowa zai ce a hanzarta aiki, a yi gaskiya. Wanda jinkirin ke ciyar da gidansa shi zai fi kowa faɗa."

Gaskiya ya faɗa. Duk hanyoyin nan sun ɗauka mutum zai furta abin da yake so. Akwai manufar da ake ɓoyewa don cin amana, akwai wadda ake ɓoyewa don kunya. Yaron shago ba zai ce gaban maigida manhajar tana jinkirta shi ba. Matar da ke zubi a ƙungiya ba za ta ce gaban maza ba ta son saƙon kuɗinta ya shiga wayar gida ba. Babu zanen da zai tono wannan. Abin da i* take iya yi shi ne ta tilasta maka ka lissafa duk wanda abin ya shafa, ka ja layin wa ke jiran wa, sai ka ga inda iko ya taru da wanda zai yi asara in an canza. Daga nan sai ƙafa. Ka zauna a wurin yini guda kana kallo, ka ware yaro ka ji nasa, ka sa mace ta tambayi mata.

Wannan ma ya kamata ya shiga awo. Hanyar da ta kai ka ofishin shugaba kaɗai ta gaza, ko da zanenta ya fi kowanne tsafta.

Abin da nake roƙon malamai

Jami'ar Marwa tun 2008 take, ta Garwa ta zo a 2022, ga ta Ngaundere da ta girme su. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi kundi a kai, kuma kasuwa, asibitin unguwa, tashar mota da ƙungiyoyin manoma duk suna nesa da aji tafiyar ɗan acaɓa ɗaya. In ɗalibi zai kwatanta KAOS da i*, ya kai su can. Ya zana aiki ɗaya da kowacce, ya ƙara ta uku: takarda da biro da kalmomin mai aikin. Sannan ya dawo ya faɗa mana kuskure nawa mai aikin ya kama da kansa a kowanne zane, minti nawa aka ɓata ana bayanin alamomi kafin a shiga magana, da wane harshe aka yi, da kuma ko bayan wata uku an sake buɗe zanen lokacin da wani abu ya canza. Ko mutum biyar ya gwada da su, zan fi yarda da sakamakonsa a kan jadawalin da aka cika a ɗakin karatu.

Ba na cewa takarda da biro za su ci. Yana yiwuwa a babban aiki, inda ma'aikatu da yawa suka haɗu, tsarin GRL da manhajar da ke lissafa tasirin kowane zaɓi su fi amfani nesa ba kusa ba. In haka ne a nuna mana da mutanenmu, a wurinmu, sai mu bi.

Ɗalibin nan ya karɓi lambata ranar. Shekaranjiya ya kira ya ce yana so ya gwada. Na yi wa kawu magana, ya ce ya zo ranar Asabar bayan la'asar lokacin da ciniki ya lafa, ya taho da zane-zanensa duka uku, kuma a faɗa masa ya rubuta da manyan baƙaƙe saboda ido.